Ba kowace tsohuwar rediyo ke shiga tsohuwar mota ba

Mutane da yawa na zaton in dai rediyo ta tsufa, to ta dace da kowace tsohuwar mota. Ba haka ba ne. Volkswagen Beetle ta kafin 1967 da batir mai volt 6 ta zo. Ka ɗaura mata na'urar kaset mai volt 12, ba za ta ja ba.

Abin da ya fi damuna motocin Ingila ne irin su Morris Minor na farkon shekarun 1960. Kan batirinsu mai alamar + shi ke haɗe da jikin mota, ba mai alamar - ba kamar yadda aka saba. Ka jona rediyo a juye, sai dai ka ji ƙaurin waya. Bari rewaya ya duba tukuna.

Kaset kuwa sai 1963 kamfanin Philips ya fito da shi, don haka motar da aka ƙera kafin nan, kamar ta 1958, ba ta zo da shi ba.