Kafin ku ce maganin jabu ne, ku duba robar fitsarin

'Yan uwana matasa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da masu jinya, kun san wannan yanayin: sakamako ya nuna ƙwayar cutar tana jin magani, a yi wa majinyaci allura, zazzaɓi ya sauka, ana tsayar da allurar ya dawo. Nan da nan a ce maganin jabu ne, ko a ɗora wa lab laifi, alhali robar fitsarin ta yi mako uku a jikinsa ba wanda ya waiwaye ta.

Bill Costerton, masanin ƙwayoyin cuta ɗan ƙasar Kanada da ya rasu a 2012, kan wannan ya ƙarar da rayuwarsa. Tun 1978, yana Jami'ar Kalgari, shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa yawancin bakteriya ba sa yawo ɗai-ɗai a cikin ruwa. Mannewa suke yi a jikin abu, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, irin santsin nan da hannu ke ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba. Wannan shi ne bayofim.

Gwajin da ya kamata kowannenku ya haddace shi ne na 1985, wanda ya yi tare da wani likitan mafitsara, Curtis Nickel. Sun bar wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa ta manne a jikin robar fitsari, cikin awa 8 yauƙin ya yi kauri. Sai suka kwarara mata maganin antibayotik na tobramycin maikurogiram 1,000 a kowace mililita har awa 12, amma da yawa daga cikin ƙwayoyin suka rayu. Waɗanda ke yawo a ruwan kuwa maikurogiram 50 a kowace mililita ya gama da su kaf. Abin lura a nan: da aka ɓamɓaro waɗanda suka tsira aka gwada su a warwatse, sai ga shi suna jin maganin kamar da. Ke nan halittarsu ba ta canja ba, zaman da suke yi ne ya kare su. A can ƙasan yauƙin iskar oksijin da abinci sun yi ƙaranci, ƙwayoyin sun lafa ba sa hayayyafa, yawancin magungunanmu kuwa mai hayayyafa suke kamawa.

To farantin da kuke ɗora ƙananan faifan magani a kai don gwada ko ƙwaya na jin magani, labarin masu yawo kaɗai yake ba ku. Sannan kada ku ɗebi fitsarin gwaji daga jakar da fitsarin robar ke taruwa a ciki. Idan robar ta wuce mako biyu kuma har yanzu ana bukatarta, a canja ta tukuna, a ɗebi fitsari daga sabuwar. Idan ba a bukatarta, a cire kawai. Robar da ke yawan toshewa da tsakuwa-tsakuwa, fitsari na warin amoniya, ku zargi bakteriyar Proteus mirabilis: tana farfasa yuriya, fitsarin ya koma alkali, gishiri ya daskare a cikin yauƙin. Canja antibayotik sau biyar ba zai buɗe ta ba.

Ku kuma ɗalibai masu aikin kammala karatu a kan bayofim, a nan aka fi yin sakaci. Ku tsarma ƙwayoyin da suka kwana suna hayayyafa kashi 1 cikin 100, ku zuba maikurolita 100 a kowane rami na faranti mai ramuka 96, ku ajiye a zafin digiri 37 na awa 24. Ramukan gefe ku cika su da ruwa mai tsabta, domin su ne ke fara ƙafewa su ba da lambobin ƙarya. Wanki a hankali ake yinsa. Wanda ya watsa ruwa da ƙarfi ya wanke sakamakonsa da hannunsa. Sannan rinin kiristal bayolet kashi 0.1 cikin ɗari na minti 15, a ɗauraye, a busar, a narkar da asid ɗin asetik kashi 30 cikin ɗari, a karanta ƙarfin launin da na'ura a nanomita 550. Ku bar ramukan da ba ƙwaya a ciki don a cire lambarsu daga sauran, kowane samfuri kuma aƙalla rami uku.

Kuma don Allah kada ku rubuta cewa magani ya kashe bayofim don kawai launi ya ragu. Rinin yana kama mai rai da matacce da yauƙin gaba ɗaya. Mai son sanin nawa suka rayu sai ya kankaro su, ya tsarma, ya shuka a faranti, ya ƙirga.