Sannu da jinya ba ta juya marar lafiya

A wani gida da ke kan tudu bayan Shara Mansur a Makka, akwai wata baiwar Allah da ta shekara biyu ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba. Mahaifinta tsohon tela ne, ya zo hajji yana saurayi ya zauna. Wata asuba ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Hawan jinin da ya daɗe yana rainawa ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Asibiti suka yi nasu suka sallame shi, daga nan komai ya dawo kanta.

Wanda bai yi wannan jinya ba bai san nauyinta ba. Duk bayan awa biyu sai an juya shi, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya huda ƙugu da diddige. Kunu ma sai an zaunar da shi, a ba shi cokali-cokali, saboda haɗiya ta lalace, in ya ƙware abinci ya gangara huhu sai ciwon huhu ya biyo baya. Ga wanka, ga canjin famfas, ga ɗaga babban mutum daga katifa zuwa keke. Na ga ranar da ya so ya ce ruwa, kalmar ta ƙi fita, ya buge kofin da hannun hagu ya fashe da kuka. Ta tsuguna ta goge ƙasa tana cewa, "Yi haƙuri Baba, na gane."

'Ya'yansa maza huɗu ne, duk suna garin. Sukan zo bayan sallar Juma'a da ledar lemo da ayaba, su ce, "Yaya, sannu da jinya, Allah ya ba da lada," kafin shayi ya huce sun tashi. A ganina wannan zalunci ne, ko da ba da niyya ake yi ba. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta hana a ce wa iyaye ko "uf" idan tsufa ya riske su, ba 'ya mace kaɗai aka saukar wa ba. Kuma ɗa namiji ya fi dacewa ya yi wa mahaifinsa wanka da tsarki.

Na san uzurin maza, ba ƙarya ba ne: haya, sabunta igama (takardar izinin zama), aikin da ba a tashi sai dare. Ɗan ƙasa yana da asibitin gwamnati kyauta, baƙo kuwa inshorarsa a jikin aikinsa take, tsohon da ya ajiye aiki sau da yawa sai abin da 'ya'ya suka haɗa. To amma rashin lokaci bai hana mu cika gidan biki ba, bai hana zaman makoki na kwana uku ba. Mu da muke tara riyal a rana guda idan an yi rasuwa, me ya hana mu tara wa mai rai kuɗin gashin ƙashi? Likitoci sun ce watanni uku zuwa shida na farko ne jiki ya fi farfaɗowa da motsa gaɓoɓi. Wannan tsoho ya rasa su ne don babu mai saukar da shi daga matakala ya kai shi mota.

(Af, wanda ya ga baki ya karkace ko hannu ya saki, ya kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take. Allurar narkar da gudan jini tana da iyaka, awa huɗu da rabi daga fara ciwon. A yi addu'a a hanya.)

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A zauna a raba kwana, a rubuta, kowa ya san darensa. Wanda ba ya gari ya ɗauki famfas da magani. Malamanmu su ambaci haƙƙin mai jinya a karatu kamar yadda suke ambaton ladan dubiya. Da na tambaye ta me ta fi bukata, ba ta ce kuɗi ba. Ta ce a karɓe ta dare ɗaya a mako, ta yi barci, da asuba ta je Harami, don rabonta da ɗawafi tun kafin Baba ya kwanta.