Shagon Kayan Noma a Sudan: Nauyin da Aka Ɗora Masa Ya Fi Ƙarfin Jarinsa

Tun bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe garin Sinja daga hannun dakarun RSF, rundunar da suka shiga yaƙi da ita a Afrilun 2023, a watan Nuwamban 2024, sannan Madani a Janairun 2025, maganar farfaɗo da noma a tsakiyar Sudan ta dawo bakin hukumomi da ƙungiyoyin agaji. Ana batun yashe magudanan ruwa na Jazira, ana batun taraktocin da aka sace, ana batun rancen banki ga manyan gonakin Gadarif. Duk waɗannan suna da muhimmanci. Sai dai akwai mutum guda da ba kasafai ake ambatonsa a zaurukan taro ba, alhali kusan duk abin da ƙaramin manomi zai zuba a gonarsa ta hannunsa yake bi, wato mai shagon da ke sayar da iri da takin zamani da maganin feshi da kayan gyaran injin ban ruwa a kasuwar gari. A ganina, duk shirin da ya tsallake wannan shago ba zai isa ga manoman da suka fi buƙata ba, kuma mu Hausawan Sudan muna cikin waɗanda abin zai fi shafa.

Wannan nauyi bai faɗo wa shagon a rana ɗaya ba. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, wanda daga baya ya haura fadan miliyan biyu (fadan ma'aunin fili ne da ya ɗan ɗara eka ɗaya), mai hawasha, wato filin da aikin ya ware wa manomi, ba ya zuwa kasuwa neman kayan noman auduga. Hukumar aikin ce ke kawo iri da taki, ita ke yin feshi, mufattishi, wato jami'in sa ido na hukumar, yana zagaya gonaki yana faɗin lokacin shuka da na ban ruwa, sannan a cire kuɗin daga lissafin manomi bayan an sayar da amfani. Wannan tsari ya yi ta raunana shekara da shekaru, har dokar Jazira ta 2005 ta bai wa manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama. 'Yancin ya zo tare da janyewar hukuma daga yawancin abin da ta saba yi, kuma ba a kafa wani abu mai ƙarfi a gurbinta ba. Ɗan kasuwa ne ya cike gurbin, ya zama shi ne mai kawo kaya, shi ne mai ba da bashi, shi ne kuma malamin gona, ba tare da an ba shi jari ko horo a kan ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Ga mutanenmu lamarin ya fi haka tsanani. Hausawa da dama a Maiurno da ƙauyukan bakin kogi na jihohin Sinnar da Nilul Azraƙ lambu suke yi, su noma albasa da tumatir da kuɓewa a ƙananan filaye, wasu kuma dawa da riɗi da gyaɗa da damina a kewayen Gadarif da Damazin. Mazauna kanabi, wato matsugunan leburorin gona a Jazira, waɗanda kakanninsu suka zo tsinkar auduga, yawancinsu har yau ba su da hawasha da sunansu, sai dai su karɓi haya ko su yi noman raba-daidai da mai fili. Bankin Noma na Sudan, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1950, yana neman takardar fili ko jingina kafin ya ba da rance, don haka mafi yawan kuɗinsa ga masu manyan gonakin injina yake tafiya. Wanda ba shi da takarda ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai ta mai shago, wanda ya san shi, ya san mahaifinsa, ya kuma san masallacin da yake salla. Littafin bashin da ke ƙarƙashin teburin shagon ya ciyar da gidaje fiye da yadda kowane rahoton hukuma zai nuna.

Abin da ya fara kashe wannan littafi shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar jine, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, a watan Yuni na shekarar aka cire tallafin man fetur da na dizil, kuma a watan Yuli hauhawar farashi ta zarce kashi 400 cikin ɗari. Gab da ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen jine 600, amma a cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Takin yuriya da magungunan feshi da yawancin irin kayan lambu daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Mai shagon da ya ba da buhun taki bashi a watan Yuli, aka biya shi a Disamba daidai kuɗin da aka yi alkawari, zai tarar kuɗin ba su isa su dawo masa da buhun ba. Manomi ya cika alkawari, amma jarin ɗan kasuwa ya ragu. Idan haka ta maimaitu damina biyu ko uku, ko dai shagon ya rufe, ko ya daina ba da bashi, ko kuma ya koma karɓar amfanin gona a madadin kuɗi.

Hanya ta uku ita ce shail, tsohuwar al'adar da ɗan kasuwa ke ba manomi kuɗi ko kaya a tsakiyar damina, a kan zai karɓi buhuna kaza na dawa ko kintari (ma'aunin nauyi) kaza na riɗi da kaka, a farashin da aka yanke tun lokacin da manomin yake cikin matsi. Ba zan wanke wannan al'ada ba, domin ta talauta gidaje masu yawa, kuma akwai 'yan kasuwar da suka mayar da ita tarko, suna ƙayyade farashin da suka san bai kai rabin abin da za a samu a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba. Amma tsine wa shail kaɗai ba ya sa taki a gona. Abin da ya dace shi ne a gyara sharuɗɗansa. Bankunan Sudan da kansu, da suka ga yadda cinikin salam, inda banki ke biyan manomi kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, ke jefa manoma cikin bashi har wasu suka shiga kurkuku, sun sanya sharaɗin gyara farashi idan bambancin da ke tsakanin abin da aka yanke da farashin kaka ya yi yawa. Babu dalilin da zai hana sarakunanmu da limamai da shugabannin kasuwa su tsayar da irin wannan ƙa'ida a ƙauye, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kamar yadda addini ya umarta a kan bashi, kowa ya riƙe takardarsa.

Yaƙi ya zo ya tsinka hanyar kaya gaba ɗaya. Manyan masu shigo da kayan noma da rumbunansu a Hartum suke, Madani kuma ita ce cibiyar da ƙananan shaguna ke sari, sai ga ta ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023. Kayan da ke sauka a Bur Sudan sai su bi ta Kasala da Gadarif, kuma kowane shingen bincike da kowane harajin hanya a kan farashin buhu yake ƙarewa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa hatsin da Sudan ta noma a 2023 bai wuce tan miliyan 4.1 ba, wato ya ragu da kashi 46 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata, kuma ƙarancin kayan noma da tsadarsu suna cikin dalilan da ta bayyana.

Abin da ya fi damuna fiye da tsadar kaya shi ne ingancin abin da ake sayarwa. Hukumar binciken aikin gona ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Madani, ita ce tushen irin dawa da manoma suka amince da su kamar Wad Ahmad da Tabat da Arfa Gadamak, kuma yaƙi ya yi mata mummunar ɓarna. Idan tushen iri ya raunana, mai sa ido kuma ya yi gudun hijira, hatsin ci ne zai shiga buhu da sunan iri, ya zo da gauraye da ƙwayar ƙuduji, manomi ba zai gane ba sai bayan tsiro, lokacin da damina ta riga ta yi nisa. Haka batun magani yake, har ma ya fi haɗari. Kayan da aka wawushe daga rumbuna sun watsu a kasuwanni, wasu wa'adinsu ya ƙare, wasu sun daɗe a rana. Ana ɗura magani a robar lemo ba suna ba bayani, kuma maganin da aka yi domin auduga yana ƙarewa a kan tumatirin da za a tsinka jibi a kai kasuwa. Manomin da bai iya karanta rubutun jikin kwalba ba tambaya ɗaya yake yi, murfi nawa zan zuba a tanki, kuma yaron shago ne ke ba shi amsa. Lafiyar mai feshi da ta duk wanda zai ci miyar ta rataya a kan wannan amsa.

Akwai kuma sauye-sauyen da ke nuna cewa sana'ar ba ta mutu ba. Manhajar Bankak ta Bankin Hartum ta zama hanyar ciniki ko a ƙauye, ko da yake katsewar sadarwa ta Fabrairun 2024 da canjin takardun kuɗi na Disamban 2024 sun nuna yadda ciniki ke tsayawa cak idan waya ta ɗauke ko tsabar kuɗi ta yi wuya. Tsadar dizil ta sa masu lambu suna neman famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, shaguna da yawa kuma sun fara ajiye shi. Ana kuma auna taki da kilo ga wanda ba zai iya sayen buhu ba.

Inda nake da ja da masu agaji shi ne rabon iri kyauta. A wurin da kasuwa ta rushe, mutane suka dawo gida hannu rabbana, babu abin da ya fi shi, kuma ya ceci rayuka. Amma a garin da shaguna suke buɗe, motar da ta sauke iri kyauta a farkon damina tana barin ɗan kasuwa da kayan da ya saro da bashi, badi kuma ba zai sake kawowa ba, ita ma ƙungiyar ba ta da tabbacin dawowa. Ya fi dacewa a bai wa manomi takardar karɓar kaya, ya je shagon da aka tantance ya zaɓi irin da ya dace da ƙasarsa, ƙungiya ta biya mai shago. Najeriya ta gwada makamancin haka daga 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, inda manomi ke samun saƙo a waya ya karɓi taki mai rangwame a wurin dillali. Tsarin ya kai taki ga mutane da yawa, amma jinkirin da gwamnati ta yi wajen biyan dillalai ya durƙusar da wasunsu. Wannan kuskure ne da bai kamata a maimaita a nan ba, domin ƙaramin shago a Sinja ko Damazin ba zai iya jiran wata shida ba.

Na san za a ce ina neman a miƙa wa ɗan kasuwa amanar da bai cancanta ba, tunda shi riba yake nema. Gaskiya ne riba yake nema, shi ya sa tallafin dole ya zo da sharaɗi. Duk wanda zai shiga tsarin ya kasance yana da lasisin sayar da magani, ya halarci horo a kan awo da adanawa da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi, ya kuma riƙa ba da rasit mai ɗauke da sunan kaya da ranar ƙarewar wa'adinsa, ta yadda manomin da aka cuta zai sami abin nunawa. Sudan tana da dokar magungunan ƙwari da majalisar da ke rajistarsu tun kafin yaƙi, abin da ya rage shi ne jami'an jiha su riƙa shiga kasuwa suna dubawa, ba karɓar kuɗin lasisi kawai ba. Ya kamata a yi horon da Hausa da Fulatanci ban da Larabci, a yankunan da waɗannan harsuna ne ake ciniki da su. Akwai matasanmu da suka karanta aikin gona a Jami'ar Jazira da ta Sinnar suna zaune ba aiki, kuma kowane shago da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya sami abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa.

Su ma masu shagunan akwai abin da ya rage gare su. Mutum goma da kowannensu ke aika sari shi kaɗai suna biyan kuɗin mota sau goma, kuma babu ɗayansu da mai shigo da kaya zai saurara wa. Idan suka haɗa kai suka yi rajistar ƙungiya, za su iya cika babbar mota guda daga Bur Sudan, su nemi rancen jari da sunan ƙungiya, su kuma kori duk wanda aka kama da jabun kaya daga cikinsu kafin ya ɓata sunan sauran. Rancen kuma ya zo a kan kari. A yankunan noman damina na Gadarif da Sinnar ana shuka ne daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, kuma da zarar ruwa ya kankama, baƙar laka tana rufe hanyoyin ƙauye na tsawon makonni. Jarin da bai shiga hannun mai shago a watan Afrilu ko Mayu ba, kayan da za a saya da shi a rumbun birni za su yi damina.