Gawo ba ya girma cikin wa'adin furoje

Duk wanda ya bi hanyar Matameye zuwa Magaria a Nijar da rani zai ga gawo ya cika gonaki, kore shar, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye. Da damana ta faɗi sai shi kuma ya zubar da nasa, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Abin da ya dawo da waɗannan itatuwa bayan farin 1984 shi ne sassaben zamani: manomi ya bar tohon kututture, ya rage masa rassa, ya tsare shi daga gatari da akuya. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Aikin ya ci fiye da shekara 20.

Ga inda gizo ke saƙa. Tallafin da masu ba da agaji ke warewa don binciken noma da sauyin yanayi yawanci shekara 3 ne zuwa 5. A shekarar farko ana ɗaukar ma'aikata da sayen motoci, a ta ƙarshe ana rubuta rahoto. Damana nawa ta rage wa gona? Idan ɗaya ta zo da fari, ɗaya da ambaliya irin ta 2024 wadda ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, me aka gwada ke nan?

Ba ina cewa kuɗin waje bai tsinana komai ba. Ya tsinana. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maraɗi sun yi shekaru suna kiwon wani ƙaramin ƙwaro da ke kashe murzuna, tsutsar nan mai ɓarnar zangarniyar gero, suna sakin sa a ƙauyuka cikin 'yan buhunan garara, ba tare da feshin guba ba. Buhun nan mai riɓi uku ya ceci waken mutane da yawa daga ƙwari. A 2018 an fitar da irin gero na Chakti, mai saurin nuna da yawan sinadarin ƙarfe, da hannun cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT mai reshe a Sadore kusa da Yamai. Amma a duba da kyau: kowanne daga cikinsu an daɗe ana ɗora tallafi kan tallafi kafin ya kai hannun manomi. Fitar da sabon iri kawai na iya cin shekara 10.

Kwana a tabarmar aro kuwa kowa ya san ƙarshensa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyukan binciken noma da dama a Afirka suka tsaya cik. Iri ba ya jiran a sake sa hannu kan yarjejeniya. In ba a shuka shi an sabunta ba, ya tafi.

Tun 2003 a Maputo shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma. Tunda yanzu maganar cin gashin kai ce a bakin kowa a Nijar, to cin gashin kai daga rumbu yake farawa. A ware wa INRAN da Jami'ar André Salifou ta Damagaram kuɗin gida tabbatacce, ko kaɗan ne, mai zuwa kowace shekara, tallafin waje ya zama ƙari.

Sai kuma wa ke zaɓen tambayar da za a yi bincike a kai. Mai bincike na auna tsaba a sikeli, manomi kuwa yana duban kara, don da shi zai yi danni ya ciyar da bisashe har bazara. Uwargida na duban ko geron na yin fura mai kyau. Irin da ya faɗi wannan jarrabawa zai tsaya a rahoto. Matsalar mai noman tudu a Tanut daban, ta mai rake a fadamun Korama daban, ta wanda rairayi ke binne wa gona a Gure daban. Kafin a rubuta takardar neman tallafi ta gaba, a fara zama da su a gindin bishiya, tun kafin ruwan shuka.