Ciwon damuwa da lasisin bindiga a Birtaniya: an bar jaki ana dukan taiki

Tun da gwamnatin Birtaniya ta sake ɗaure igiyar bayar da lasisin bindiga a watan Agustan 2025, wata tsohuwar magana ta dawo bakin mutane, kuma ita ta hana ni yin shiru. Wai me ake ta wahalar da 'yan sanda da bincike, a yanke kawai: duk wanda sunansa ya taɓa shiga fayil ɗin likita da ciwon damuwa, ko ya taɓa haɗiyar ƙwayar maganinsa, a rufe masa ƙofa har abada. Masu wannan ra'ayi suna faɗinsa da ƙarfin gwiwa, kamar sun gano abin da ya shige wa kowa duhu. Ni kuwa ina ganin in aka bi tasu, gawarwaki za su ƙaru.

Sabon tsarin kansa ba ni da ja da shi. Yanzu mai neman bindigar farauta sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, maimakon ɗaya, kuma an ƙarfafa wa 'yan sanda su ji ta bakin matar gida da sauran waɗanda yake zaune da su. Tun watan Nuwamban 2021 ma ba a duba takardar kowa sai da bayanin likita a haɗe. A fom ɗin akwai jerin larurorin da dole ka bayyana: ciwon damuwa da fargaba, tunanin kashe kai, taɓin hankali, cutar mantuwa, farfaɗiya, shaye-shaye, da sauransu. Wanda ya ɓoye, laifi ne da zai iya kai shi gidan yari na wata shida. Amma ƙa'idar da Ma'aikatar Cikin Gida ta bai wa shugabannin 'yan sanda ta fito fili cewa samun ɗaya daga cikin waɗannan larurori ba ya nufin a hana mutum kai tsaye. A duba yaushe ya yi ciwon, yaya tsananinsa, yana shan magani ko ya watsar, me likitansa ya gani. Wannan sassaucin ne ake so a soke.

To mu ɗauki lissafin tukuna. A Ingila kaɗai, mutum fiye da miliyan takwas ake rubuta wa maganin damuwa a shekara. Masu riƙe da lasisin bindiga a Ingila da Wales kusan rabin miliyan ne, da yawansu manoma da masu gadin daji da mafarauta. A 2021 ƙungiyar RABI mai tallafa wa manoma ta tambayi mutum kimanin dubu 15 da ke harkar noma, ta samu kashi 36 cikin ɗari suna da alamun ciwon damuwa. Wato a duk manomi uku, ɗaya. Waɗannan su ne mutanen da bindiga take kayan aikinsu kamar yadda fartanya take ga namu: da ita suke korar dila daga garken tumaki, da ita suke rage tattabarun da ke cinye amfanin gona, da ita suke hutar da dabbar da ta karye ba ta tashi.

A ce ga wani manomi a tsaunukan Cumbria da ke arewacin Ingila. Farashin abincin dabbobi ya hau, banki na aiko da wasiƙa, ya yi wata uku barci ba ya zuwa sai gab da asuba, abinci ya fita ransa. Bindigarsa na cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, wanda ɗan sanda ya zo ya jijjiga da hannunsa kafin a ba shi takarda. Matarsa ta ce ya je ya ga likita. Ya san tun 2022 akwai wata alama a fayil ɗinsa na kwamfuta da ke nuna wa likita cewa wannan majiyyacin yana da bindiga, kuma da zarar an rubuta "damuwa" alamar za ta yi wa likita tuni, shi kuma yana iya sanar da 'yan sanda. A tsarin yau, mutumin nan yana da dalilin zuwa, don ya san ko an karɓe bindigar akwai hanyar dawowa idan ya samu sauƙi. A tsarin masu kuɗin goro, zuwansa asibiti daidai yake da sallama da sana'arsa. Me kuke zato zai yi? Zai ce wa matar gajiya ce. Zai ci gaba da kwana ido biyu, da makullin akwatin a aljihu, kuma babu likita ko ɗan sanda a duniya da ya san halin da yake ciki.

Ba tatsuniya nake yi ba. A watan Fabrairun 2023 George Pattison ya harbe matarsa, shugabar makarantar Epsom College, da 'yarsu mai shekara bakwai, sannan ya kashe kansa, da bindigar da ke da lasisi. A zaman binciken musabbabin mutuwar aka gano ya daɗe yana samun maganin propranolol don fargaba ta hannun likitan intanet, ba tare da likitansa na unguwa ya sani ba, kuma da ya zo sabunta lasisi bai faɗa ba. Fayil ɗinsa fes. In da dokar masu kuɗin goro ce ke aiki, da ya wuce ta salin-alin, domin ita fayil take karantawa, shi kuwa ya riga ya koyi yadda ake kewaye fayil. Abin da dokar za ta yi kawai shi ne ta koya wa dubbai irin wannan dabara. Masu harkar jiragen sama sun sha wannan darasi da ɗaci a watan Maris na 2015, lokacin da mataimakin matuƙin jirgin Germanwings, Andreas Lubitz, ya kifar da jirgi a tsaunukan Faransa da mutum 150 a ciki. A gidansa masu bincike suka tarar da takardar likita da ta ce kada ya yi aiki, a yayyage. Ana kyautata zaton tsoron rasa lasisi ne ya sa ya ɓoye ciwonsa.

Sai kuma tambayar da masu wannan ra'ayi ba sa son a yi musu: kashe-kashen da suka girgiza Birtaniya, nawa ne daga ciki rashin sanin tarihin damuwar mutum ya jawo? A Dunblane, ranar 13 ga Maris 1996, Thomas Hamilton ya kashe yara 16 da malamarsu. Shekara biyar kafin nan wani jami'in ɗan sanda ya rubuta wa manyansa cewa mutumin nan bai dace da riƙe bindiga ba, a janye lasisinsa. Aka ajiye takardar. A Horden, ranar farko ta 2012, Michael Atherton ya kashe mata uku. 'Yan sanda sun san tarihinsa na dukan iyali tun kafin su ba shi lasisi, sun taɓa ƙwace bindigoginsa a 2008 bayan ya yi barazanar harbe kansa, suka mayar masa bayan 'yan makonni. A Plymouth, Jake Davison ya lakaɗa wa wasu matasa biyu duka a watan Satumban 2020, aka karɓe bindigarsa a Disamba, aka miƙa masa abarsa a Yulin 2021. Ranar 12 ga Agusta ya kashe mutum biyar cikin 'yan mintoci, har da mahaifiyarsa da yarinya 'yar shekara uku. Masu taya alƙali zama a binciken 2023 sun ce sashen bayar da lasisi na 'yan sandan Devon da Cornwall ya yi mummunar gazawa, kuma horon da aka ba da shawarar a riƙa yi wa irin waɗannan jami'ai tun bayan Dunblane, shekara ashirin da biyar ba a tsayar da shi yadda ya kamata ba.

A duk ukun nan bayanin yana kan tebur. Mutum ya ɗaga hannu ya doki wani, an rubuta, an sani, aka ba shi bindiga. Hannun da ya saba duka shi ne alamar da ta fi kowace faɗa, ba hawayen da mutum ya zubar a gaban likita shekara goma da suka wuce bayan rasuwar mahaifinsa ba. Amma gyara ofishin 'yan sanda aiki ne mai tsada da gajiyarwa, sai an ɗauki ma'aikata, an horar da su, an kori malalata. Nuna mai ciwon damuwa da yatsa kuwa kyauta ne, kuma ba shi da ƙungiyar da za ta fito ta kare shi. Shi ya sa kullum shi ake shafa wa kashin kaji.

Kada a ce na ce ciwon damuwa ba ruwansa da bindiga. Da ruwansa, sai dai ba ta inda ake tsammani ba. Haɗarin mai wannan ciwo galibi a kan kansa yake, ba a kan maƙwabta ba. A Amurka, cikin mutum fiye da dubu 48 da bindiga ta kashe a 2021, sama da rabi su suka kashe kansu. Tunanin kashe kai sau da yawa guguwa ce da ke tasowa ta lafa cikin mintoci ko sa'o'i, kuma galibin waɗanda suka tsira daga yunƙurin ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya. Bindiga ce ba ta barin a tsira: kusan tara cikin goma na masu gwadawa da ita ba sa tashi. Sojin Isra'ila sun gwada wani abu a 2006, suka hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindiga a ƙarshen mako, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba su kori kowa daga aiki ba, ba su bi fayil ɗin kowa ba. Sun nesanta makamin daga hannu a lokacin da ya fi haɗari. Ciwon damuwa yana zuwa yana tafiya, ana warkewa daga gare shi, don haka abin da ake buƙata nisa ne na ɗan lokaci, kuma ba za ka samu wannan nisan ba sai mutumin ya yarda ya buɗe baki.

Ƙungiyoyin mafarauta da ke kukan cewa tambayar likita kutse ce cikin sirrin mutum, su ma su sarara mana. Wanda yake son ajiye abin kisa a ɗakinsa ya haƙura da ɗan sirri. Tsarin Amurka kuwa, inda dokar tarayya ba ta hana ka saye saboda lafiyar ƙwaƙwalwa sai in kotu ta yanke cewa hankalinka ya taɓu ko an taɓa tsare ka a asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas, alƙalumman da na kawo a sama sun isa amsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san wannan tunanin, domin a gidanmu ya girma. Mu ne muke da kalma ɗaya tak, "mahaukaci", da muke jibga wa mai tafiya tsirara a kasuwa da kuma matar da ta kasa tashi daga gado bayan haihuwa. Ina da ɗan'uwa da ya yi shekara biyu yana karɓar magani a wani asibiti da ke wani gari daban da namu, yana ɓare takardar jikin kwalbar kafin ya shigo gida, yana cewa na ulsa ne, saboda yana neman aure kuma ya san abin da dangin yarinyar za su ce. Dokar bindiga ta Najeriya ta 1959 ma da irin wannan harshen take magana, ta hana lasisi ga wanda "hankalinsa ba daidai ba", ba tare da ta bambance komai ba, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Da gwamnatin Zamfara ta ce a 2022 jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu, wa ya ji an yi zancen likita? Saboda haka idan na ga Bature mai digiri yana cewa a yi wa masu damuwa kuɗin goro, ba wayewa nake gani ba. Tsohuwar ƙyamar nan ce ta sa kwat.

Kuma tsarin na yanzu ma ba a gama gyara shi ba, balle a ɗora masa sabon zalunci. Lasisi shekara biyar yake yi, rayuwar mutum kuwa tana iya birkicewa cikin wata biyar. Sanya alamar nan a fayil bai zama dole a kan likitoci ba. Cike takardar likita ba ya cikin aikin da hukumar lafiya ta NHS ke biya, don haka kowane asibitin unguwa da farashinsa, wasu likitocin ma suna ƙin taɓawa gaba ɗaya, mai nema ya koma wurin kamfanin da bai taɓa ganin fuskarsa ba. A Fabrairun 2025 an ninka kuɗin lasisin bindigar farauta daga fam 79.50 zuwa fam 194 da sunan inganta bincike. To a gani a ƙasa. Wanda aka hana, yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu, da kuɗin lauya daga aljihunsa, abin da ƙaramin manomi ba zai iya ba.

Ni abin da zan so shi ne a buɗe hanya mai sauƙi wadda mutum zai kai bindigarsa ajiya da kansa, wurin dillali mai rajista ko wurin 'yan sanda, ya ce ba ni da lafiya a 'yan watannin nan, a rubuta masa wannan a matsayin alamar hankali, ba tabo ba, kuma ya san ranar da za a sake duba lamarinsa. A haɗa likitocin intanet da fayil ɗin likitan unguwa. Sannan duk wanda aka taɓa kai ƙararsa kan dukan mace ko yaro, a daina yi masa uzuri. Sauran bayanan, masu albashin yin hakan su zauna su tsara.

Ɗan'uwan nawa ya warke, ya yi auren, yana da 'ya'ya uku. Har yau matarsa ta ɗauka ulsa ya yi.