Bakano, Bazazzagi da kifin Malawi

Bakano ya sayo kifin ado a wajen abokin wasansa Bazazzagi, ko sati ba a yi ba ya kira shi a waya ya ce ya zo gida maza.

Bakano: Kai Bazazzagi zo ka ga tsiyar da ka sayar min. Kifi shida na biya kuɗinsu yau saura huɗu, wannan shuɗin mai zane ya mayar min da falo filin dambe, ya cinye wa ɗaya jela, ɗayan kuma tun jiya yana maƙale a bayan famfo kamar wanda ake bi bashi.

Bazazzagi: To Alhaji ai sai da na faɗa maka kana ta neman ragi ba ka ji ba. Siklid ne, irin da ake kira mbuna, daga tafkin Malawi, can a cikin duwatsu suke zama kowane namiji da raminsa kuma ba ya yarda wani ya gitta masa. Kai ka zuba su a gilashi fayau ko tsakuwa babu, kowa na kallon kowa, ba dole a daku ba?

Bakano: Dutsen ma saya zan yi?

Bazazzagi: Ka tara shi da yawa, ya zama lungu-lungu, wanda aka kora ya samu inda zai ɓuya. Kuma wannan ɗan akwatin naka ko lita 60 bai kai ba, su lita 200 suke so, tsawon ƙafa huɗu. Sannan ka ƙara kifi su kai goma sha biyu.

Bakano: Iye! Shida sun kashe juna ka ce in ƙara? Wallahi kai ɗan kasuwa ne ka fi Bakano.

Bazazzagi: Tsaya mana. Ka taɓa bin wanda ya ci maka kuɗi a Kantin Kwari ana gobe sallah?

Bakano: Na bi, ya ɓace min a cunkoso.

Bazazzagi: To haka shuɗin nan zai yi, ya biyo wannan sai wancan ya gitta, ya rasa wa zai kama. Amma fa sai da filta mai ƙarfi, wato na'urar tace ruwa, kuma duk sati ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in an ɗauke wuta ka tayar musu da janareta.

Bakano: Ni da nake kwana a zafi don tsadar mai.

Bazazzagi: Babban laifinka ma duk maza ka zaɓa don sun fi kala, kuma kalarsu iri ɗaya, kowa yana ganin kishiyarsa. Ƙa'idar ita ce namiji ɗaya mata uku ko huɗu, in mace ɗaya ce zai matsa mata har ta galabaita.

Bakano: Maimaita da ƙarfi don Allah, mata nawa?

Hajiya (daga bayan labule): Na ji ai. Kifin ake wa magani ko kai?

Bakano: Hajiya ilimi ne, daga Zariya ya zo.

Bazazzagi: Ranki ya daɗe ba ruwana. Ita macen ma a baki take ɗaukar ƙwanta, wajen sati uku ba ta cin komai sai ta saki 'ya'yan.

Bakano: Sati uku baki a rufe! Allah mai iko.

Hajiya: Shi kuma mijin yana ina?

Bazazzagi: Yana can yana bin wata.

Hajiya: Ashe har cikin ruwa halin ɗaya ne.

Bakano: Mu koma kan shuɗin nan, yanzu ya zan yi da shi?

Bazazzagi: Ka kwashe shi da ɗan koma ka ware shi kwana kaɗan a wani tankin, kafin ya dawo ka sauya wa duwatsun wuri, ka kashe fitila ka mayar da shi. Zai tarar an yi rusau a unguwa, shi ma ya zama baƙo.

Hajiya: Wai ba ka ce dangin karfasa ba ne rannan?

Bazazzagi: Ƙwarai, gidansu ɗaya.

Hajiya: To miƙo min shi, na riga na ɗora mai.

Bakano: Ke! Tsawonsa bai wuce yatsa ba kuma ya fi kaza tsada!