Wa ya koya wa yaron zare ƙusar?

Kun dai ga bidiyon gobarar ɗakin ajiyar kayan nan na Garwa a Kamaru, ba sai na sake ba ku labari ba. A farkonsa wutar ba ta fi faɗin tabarma guda ba. Yaro ya sheƙo da jar tukunyar kashe wuta, ya matsa, ya sake matsawa, shiru. Ya girgiza ta, ya buga ta da ƙasa, daga ƙarshe ya wurga ta cikin wutar ɗungurungum kamar mai jifan Shaiɗan a Mina. Tun jiya kuma jama'a suna ta yi masa dariya, wai ga baƙauye.

Madalla da masana. A cikin masu dariyar nan, mutum nawa ne suka taɓa zare ƙusar tukunyar da hannunsu? Yaron bai yi laifin komai ba. Mai laifi shi ne maigidan da ya sayo tukunyar, ya rataye ta a bango don masu duba takardu su gani, bai taɓa tara yaransa na minti goma ya ce ga yadda ake yi ba. Don mai bincike aka saye ta, ta kuwa gama aikinta tun ranar da mai binciken ya sa hannu ya tafi.

An ce ƙaddara ce. Babu musu, komai da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada a bar wuta a kunne a gida idan za a yi barci. Wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya umarce mu da kashe fitila. To Alhaji, bar ɓuya a bayan ƙaddara, ka amsa mini: wa ya koya wa yaron?

An kuma ce ai pompiye, wato ma'aikatan kashe gobara, su ne ba su zo da wuri ba. Wannan ma mu ajiye shi gefe. Ko da motarsu na bakin layi, kafin a buga 118, a faɗi unguwa, a ratsa babura da 'yan kallo, wutar da ta kama kwali da leda ta riga ta lashi rufi. Minti ɗaya ko biyun farko na wanda ke tsaye a wurin ne, wato mai gadi, ko yaron shago, ko mai shara. Su ne kuwa ba a koya wa komai.

Ga abin da ya kamata a ce yaron ya sani. Tukwanen da ke yawo a wajenmu iri biyu ne ta fuskar matsi. Akwai mai ɗan agogo a wuya: ita a shirye take, idan allurar tana kan kore, zare ƙusa kawai za ka yi ka matsa. Akwai kuma marar agogo mai 'yar kwalbar iska a cikinta, irin wadda ake yawan kawowa daga Faransa. Wannan bayan ka zare ƙusar sai ka danna maɓallin da ke samanta ko ka ɗaga hannunta da ƙarfi, gwargwadon ƙirarta, don a huda 'yar kwalbar, ka jira daƙiƙa biyu ko uku iska ta cika ta, sannan ka matsa bakin tiyo. Lokacin da kake hudawar kada fuskarka ta kasance a saman tukunyar. Wanda bai san wannan ba zai yi ta matsawa har wuta ta cim masa, ya rantse tukunyar fanko ce alhali cike take. Kuma idan ka damƙe maɗannin da ƙarfi saboda ruɗu, ƙusar ba za ta zaru ba, don ka matse ta. Ajiye tukunyar a ƙasa, riƙe ta a wuya, fizge ƙusar har zaren robar ya tsinke.

Sai tsayuwa. Ƙofar fita ta kasance a bayanka, iska ma a bayanka, ka bar tazarar kamar taku uku ko huɗu in ta hoda ce. Ɗan fesa kaɗan a gefe ka tabbatar tana aiki. Saita gindin wutar, inda abin ke ci, ka riƙa sharewa dama da hagu kana matsowa. Mai fesa wa harshen wuta a sama, hayaƙi yake yi wa kwalliya. Kuma ku riƙe wannan da kyau: tukunyar hoda mai kilo 6 ba ta wuce kamar daƙiƙa 10 zuwa 20 tana fesawa. Shi ke nan abin da kake da shi. Idan ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ko wutar ta fi tsayinka, ko hayaƙi ya fara saukowa, fita, ja ƙofa a bayanka ba tare da ka kulle ba, ka sunkuya ƙasa-ƙasa don hayaƙi sama yake taruwa. Hayaƙin ne ke kashe yawancin mutane tun kafin wuta ta taɓa su.

Duk wannan bayanin bai kai tsawon shan shayi kofi ɗaya ba. Wa ya hana a yi shi?

Sannan ba kowace tukunya ce ta kowace wuta ba, haruffan da ke jikinta kuma da ma'anarsu. A na itace, takarda, yadi da auduga ne. B na fetur, gazuwal da fenti. C na iskar gas. F na man girki. Hoda mai ABC ita ce ta kowa da kowa, amma tana lalata kwamfuta da injuna, tana kuma toshe gani a ɗaki rufaffe. Ofis mai na'urori ta CO2 yake buƙata, mai baƙin baki kamar kakaki. Ita sai ka matso kusa, kamar mita ɗaya, kuma kada ka riƙe kakakin da tafin hannu, sanyinsa yana ƙona fata. Ba ta da agogo, a kan sikeli ake gane ko ta zube. Masu ajiyar auduga da yadi, ku kuma ku sani cewa hoda saman kawai take kashewa. Wuta na iya kwana tana ci a cikin ɗaurin auduga, sai an fitar da shi fili, an warware, an jiƙa shi da ruwa sosai.

Ruwa a kan fetur ko man suya kuwa ganganci ne. Fetur ya fi ruwa sauƙi, sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara. A tafasasshen mai, ruwan nan take yake zama tururi, ya kumbura kusan sau 1,700, ya watsa mai mai ci har rufi. Murfi ake kifawa, a kashe murhu, a bar shi ya huce. Wutar lantarki ma haka: a fara sauke madatsar da ke wajen konta, wato mitar wuta, kafin komai. Tambayi yaran shagonka yau inda madatsar take. In biyu daga cikin biyar suka nuna maka, ka yi sadaka.

Wani zai ce ai tukunyarsu sabuwa ce, ba a taɓa amfani da ita ba. Sabuwa tun yaushe? Hoda tana dunƙulewa a gindin tukunya idan ta daɗe a wuri ɗaya. Duk wata a sauke ta, a juya ta ƙasa ta koma sama, a kara kunne: in ka ji garin yana zubowa kamar yashi, lafiya lau. A duba allura, a duba zaren ƙusa, a leƙa tiyo don zanzaro na son gina gida a ciki, a duba tsatsa a gindi. Sau ɗaya a shekara gwani ya duba ta ya rubuta kwanan wata a jikinta. Wadda aka fesa ko sau ɗaya, komai ƙanƙantarsa, sai an sake cika ta, don matsinta zai sulale. A rataye ta kusa da ƙofa, hannunta bai wuce mita 1.20 daga ƙasa ba, a inuwa. Ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu, da ke haura maki 40, ba ta raga wa roba. Amma je ka gani: an jibga buhuna a gabanta, ko an kulle ta a ofishin maigida don kada a sace, makulli kuma yana aljihunsa a Marwa.

Kada kuma a ce babu doka. Tun ranar 26 ga Nuwamba 1984 Kamaru take da ƙa'idar ma'aikatar ƙwadago mai lamba 039 kan tsafta da kariya a wuraren aiki, kuma nauyin a wuyan mai wurin yake.

Wallahi ba don in ci mutuncin kowa nake wannan ba. Na san yadda ake tara jari a ƙasar nan, sisi-sisi, shekara da shekaru, dare ɗaya ya koma toka, yara goma su rasa abin kai wa gida. Yawancin abin da ke tayar da wutar ma a gabanmu yake kullum. Igiyar ƙarin soket mai amfiya 16 a kan bolt 220 iyakarta wat 3,500 ne, in ta ƙwarai ce, amma a jona mata dutsen guga da butar lantarki da firji. Siririyar waya ta fitila a ja ta zuwa na'urar sanyaya ɗaki. Fis ya ƙone a ɗaura masa zaren tagulla. Wuta ta ɗauke a tashi a bar guga a jone, ta dawo tsakar dare ba kowa. A zuba wa janareta mai yana da zafi. Jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bayan fage, a kwana da su a cikin shago, alhali tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake rarrafe har ya iske garwashin mai shayi. Tiyon tukunyar gas akwai shekarar ƙarewarsa a rubuce a jiki, yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa, ban da ashana.

Duk da haka tambayata tana nan. Alhaji, ranar Asabar mai zuwa ka fitar da tukunya ɗaya da ta kusa lokacin cikawa, ka kunna ɗan itace a rabin duro a fili, kowane yaro ya zare ƙusa ya saita, har mai gadin dare. Kuɗin sake cika ta bai kai na wayar da ke hannunka ba.

Af, tun da ana maganar tukwane: direbobin hanyar Garwa zuwa Ngaundere, 'yar tukunyar nan da ba ta fi kwalbar lemo ba, wadda kuke nuna wa jandarma a shinge, a ina take zama in an wuce? Ƙarƙashin tayar safaya, an ɗora mata buhun albasa shida da akuya. In inji ya kama, kada ku wangale bonet gaba ɗaya, iska za ku ba wutar. A ɗan ɗaga shi kaɗan a fesa ta kafar. Amma sai an fara sauke akuyar tukuna.